Ba'adaren da Anka Samo a Koriya

Karatuna bai yi nisa ba, gara in faɗa tun da wuri. Na yi lakwal a nan garin Tawa har aji uku, sannan ni da mushe, wato malaminmu, munka dubi juna munka ga babu mai ƙaruwa da wani, munka rabu lami lafiya. Faransancin da ya rage mini bai wuce na cinikin agogo da gardama da ɗan sanda ba. Don haka duk wanda ya ga karkace cikin rubutun nan shi yi haƙuri, mushe ya daɗe da rasuwa, babu wurin kai ƙara.

Sauran karatun a hanya na yi shi, kamar kowane Ba'adare. Mu nan Adar, in an gama girbi an kai hatsi rumbu, namiji sai shi tahi biɗa. Na yi Abijan, na yi Duwala, na leƙa Libirbil, da faifan agoguna da tabarau bisa kai, har ranar da gwiwoyina sunka ce su kam sun ajiye aiki. Ƴaƴana maza duk sun bi sawuna, matan kuma aure ya kwashe su. Da mai ɗakina ta rasu, Allah shi jiƙanta, gidan ya rage daga ni sai Auta, ɗiyata ta ƙarshe, wadda munka samu bayan mun fid da rai da haihuwa. Sai kuma tele.

Babban ɗana ya aiko da telen daga Abijan, tare da wani ƙaton faranti da anka kafa bisa soro shina kallon sama. Fina-finan da ake sawa da farko na wasu ƙasashe ne masu ƙarancin kunya. Ana cikin magana ta hankali sai ka ga namiji ya matso, mace ta matso, ni kuma nan take sai in tuna ina da aiki a zaure. Na yi ta tuna aiki a zaure har takalmana sunka gaji da ni.

Wata rana bayan la'asar Auta ta shimfiɗa mini tabarma gaban tele ta ce, "Baba, zamna. Wanga ba za ka tashi ba."

"Mutanen ina ne?"

"Koriya."

"Sin ke nan."

"Ba Sin ba, Baba. Koriya."

"To, ƙannen Sin."

Na zamna da takalmana kusa, don shiri. Abin mamaki, ban tashi ba. Waɗannan mutane sai su yi wata guda ana nuna su kullum, yaro na son yarinya, yarinya na son yaro, kowa a gari ya sani har da mai gadin ƙofa, amma ba su ko riƙe hannu ba. Suna tuɓe takalma a bakin ƙofa. Suna cin abinci a ƙasa. In yaro zai miƙa ma babba ruwa, da hannu biyu ne, ya sunkuyar da kai. Suna da randuna jere bayan gida da suke tsima ganye a ciki. Na ce ma Auta, "Waɗannan ai Hausawa ne da sanyi ya koɗar."

Ba wai ban same su da laifi ba. Na same su. Mazansu ba gemu, ba gashin baki, fuska sumul kamar an wanke ƙwarya, ga kuka. Namiji zai tsaya tsakiyar titi shina sharɓar hawaye, motoci na wucewa, babu dattijo guda da zai tsaya shi ce mishi kai, tashi. Ga shan wani abu cikin koren kwalba wanda Auta ta ce mini lemo ne, ni kuwa na zamna Abijan, na san lemon da ke sa mutum shi rungumi itacen lantarki. Kuma ban taɓa ganin ko ɗaya cikinsu a gona ba, ga su kullum cikin cin shinkafa.

Da Faransanci suke magana a telen, irin mai gudu, ni kuma nawa mai sanda ne. Auta ke juya mini zuwa Hausa. Takan zamna gefena tana tsince wake ko tana gyaran yakuwa, tana cewa, "Wagga uwar yaron ce, ba ta son yarinyar don ubanta talaka ne." In ce, "Na san ta. Tana nan unguwarmu, bayan masallaci." Ta yi dariya har waken ya zube. Tun rasuwar innarta ban ji wannan dariya ba sai a gaban telen nan. Da za a tambaye ni a lokacin, da na ce Allah shi yi ma mutanen Koriya albarka, su da randunansu.

Abin da ban lura da shi ba, ba wuri ɗaya muke kallo ba. Ni tsofaffi nake bi da ido. Akwai wata tsohuwa cikin wani fim da ƴaƴanta sunka watse birni, kullum ta jera kwanoni ƙanana ta zamna ita kaɗai, waya a gefenta ba ta ƙara. Ita nake jira a nuno. Auta kuwa jiragen ƙasa take kallo, da manyan makarantu masu gilashi, da ƴan mata masu farar riga suna aiki a ɗakin gwaje-gwaje babu mai ce musu ina za ku.

Alamu sun zo, ni ne na ɗauke su wasa. Ta fara koyon harshensu a waya. Sai in ji ta a madafa tana gaida akuya da wata magana mai ja a ƙarshe. Wata rana na tarar da ita ta fere tsinke biyu tana kokawa da tuwo. Na tsaya na kalle ta da kyau na ce, "Auta, Allah ya ba ki cokali mai yatsa biyar kyauta, kin koma biyu na aro." Lokacin tana iniversite a nan Tawa, tana karatun abin da ya shafi ruwa da ƙasa, kuma ni ne mai yawo da labarin ƙoƙarinta a gari har mutane sunka fara sauya hanya in sun hango ni.

Ran da ta faɗa mini, ta kawo mini fura, ta miƙa da hannu biyu, ta durƙusa ba ta tashi ba.

"Baba, na nemi burs, tallafin ƙarin karatu a waje. Sun ba ni."

"Madalla! Yamai?"

"A'a."

"Dakar?"

"Koriya, Baba."

Na dubi tele. A kashe take, ta yi shiru kamar ba ita ba.

A'a na nan cikin bakina, amma ta ƙi fita. Da wane ido zan faɗe ta? Yayyenta sun bar gidan nan ba su kai shekarunta ba, ba takarda ba komai sai addu'a da guzuri, ni na raka su tasha. Ita ga ta da kira, ga masauki a makaranta, ga karatu. Kuma in na ce a'a, dalilin gaskiya ɗaya ne, ni ne, da wanda zai dama mini fura, da wanda zai ce mini wagga uwar yaron ce. Dattijo ba ya son faɗin wannan ga ɗiyarshi.

Sai dabara ta zo mini, har na ji daɗin kaina. Mu Adarawa muna da ƙa'ida a tahiya: ba a zuwa garin da babu mai masauki. Kafin yaro shi ɗauki jaka, sai an san ɗan garinsu ko ɗan yankinsu da ke zamne can, wanda zai tarbe shi, shi nuna mishi inda ake kwana da inda ba a bi, in ya yi ciwo shi kai shi likita, in ya mutu shi tsaya a rufe shi yadda ya kamata, shi aiko gida da labari. Haka anka yi mini, haka na yi ma wasu.

Na gyara murya na ce, "Auta, ni ba mai hana karatu ba ne, gari ya shaida. Amma kin san ƙa'ida. In an samu Ba'adare a Koriya wanda zan damƙa ki a hannunshi, ki tahi. In ba a samu ba, kin ga ba laifina."

Ta ɗago ta dube ni. Yarinyar ba wawuya ba ce. Ta ce, "To, Baba," ta ɗauki ƙwaryar ta fita.

Da na tsaya nan, da yanzu ba ni rubutun nan. Amma mai dabara ba ya iya riƙe ta shi kaɗai. Akwai wata bishiyar bedi kusa da tasha inda mu tsofaffin matafiya muke zama da hantsi, kowa da ƙasar da ta cinye mishi ƙuruciya. Cikinmu akwai taubashina, ɗan Barmu, wanda tun muna yara bai taɓa barin maganata ta faɗi ƙasa ba tare da ya taka ta ba. Na ba su labari, na rufe da cewa, "Kun ga an gama. Koriya kam babu Ba'adare."



Taubashina ya ajiye kofin shayi ya ce, "Mi ka ce?"

"Na ce babu namu can."

"Kai, tsohon banza, faifan agogo ya danne maka ƙwaƙwalwa. Akwai ƙasar da Allah ya shimfiɗa, ana saye ana saidawa, a ce babu Ba'adare? Ka zage mu."

"Wurin da ruwa ke zama dutse don sanyi? Mi Ba'adare zai yi can?"

"Shi saida musu safa!"

Wani Alhaji da ya yi rabin rayuwarshi a Kwango ya ce shi ya taɓa shiga wani ƙauye tsakiyar kurmi inda mota ba ta zuwa, ya tarar da ɗan Bambai, ta nan Adar, shina saida allura da madubi. Wani ya ce ba za a bar ɗiyarmu ta rasa karatu don ƙaramin abu irin wanga ba. Sunka fiddo wayoyi. Ina zamne ina kallo, su duka suna ganin taimakona suke yi, ni kuwa babu bakin da zan ce musu ku bari.

Taubashina ya aika saƙon murya ga ɗanshi a Duwala. Ɗan ya tura ma wani ɗan Bambai da ke sayen wayoyi a Sin. Daga nan magana ta shiga inda ban sani ba. Kullum na iso gindin bedi sai a tarbe ni da rahoto. Yau an ji labarin wani, gobe a ce ashe ɗan Damagaram ne, ba ya cikin lissafi. Ranar da anka ce sawu ya ɓace, na sayi goro na raba, sunka ce dubi bawan Allah, baƙin ciki ya sa shi sadaka.

A gida kuwa babu abin da ya sauya, sai abu ɗaya. Auta na dafa abinci, tana wanki, tana shimfiɗa mini tabarma bayan la'asar, tana zamnawa gefena. Amma ta bar juya mini magana. Ba fushi ta nuna ba, in na tambaya takan amsa a taƙaice. Sai na koma ina kallon mutane suna buɗe baki suna rufewa, suna kuka ban san wanda ya mutu ba.

Wata safiya ban ko kai tasha ba na hango su tafe, tsofaffi a jere da sanduna, taubashina a gaba ya ɗaga waya sama kamar ya kamo ɓarawo.

"An same shi! Ɗan Afala! Fito da tabarma, tsoho, yau za ka ba Adar haƙuri."

Munka zamna tsakar gida. Auta na bakin madafa. Anka kira, waya ta yi ta ƙara, sai ga fuska ta fito: mutum mai furfura a gemu, da hular sanyi har kunne, da wata riga mai kumburi kamar katifa. Ya yi sallama da Hausar Adar tsantsa, irin wadda yaran yanzu sunka fara mantawa. Ya ce shina wani gari bakin teku, aikinshi loda tsofaffin motoci da kayan gyaransu cikin jirgin ruwa zuwa Kwatano.

Na fara da asali, ko zan samu inda zan kama shi. Ya faɗi gidansu. Ashe na san ubanshi, mun taɓa kwana ɗaki ɗaya a Abijan, mutumin kirki mai minshari. Na ce yana da iyali? Ya ce matarshi na nan tare da shi, ƴar Nijar ce, ga ta ma tana gaisuwa. Masallaci fa? Akwai, Baba. Makarantar yarinyar da nisa? Jirgin ƙasa ne, kafin shayi shi huce an kai. Ya ce, "Baba, ɗiyarka ɗiyata ce. Ni zan tarbe ta da kaina. In wani abu ya same ta, ni za ka tambaya."

Duk ƙofar da na taɓa sai in ji ta a buɗe. Tsofaffi na ta kabbara. Tambayoyi sunka ƙare mini, sai na yi wadda ake yi ma kowane matafiyi don cika hira.

"To, yaushe rabonka da gida?"



"Baba, an daɗe. Da na zo, cewa na yi damina biyu. To, sha'anin takardu, in na fito ba lalle in iya komowa ba, ga yara sun shiga lakwal a nan, Hausar ma sai ina matsa musu. Tsohona da ka sani, a wayar nan na ji rasuwarshi, ina cikin loda mota. Inna na nan, idonta ya tahi. In na kira sai a kara mata a kunne."



Ya ce, "Baba, don Allah juya wayar in ga gidan."

Taubashina ya juya ta. Babu abin gani a gidana. Katangar laka ce da ruwan bara ya zaizaye, da turmi a kife, da akuya tana cin ɓawon kankana, da jan dutsen nan namu da ke ko'ina. Mutumin ya ce a tsaya nan, a ɗan ƙara tsayawa. Muna jin numfashinshi. Daga baya ya ce an kira shi wurin aiki, ya yi sallama da sauri.

Tsofaffi sunka tashi ɗaya bayan ɗaya, kowa ya tuna da abin da ya baro. Taubashina kaɗai ya rage. Ya daɗe shina kallona.

"Kai," ya ce a hankali, "ashe ba so kake a same shi ba."

"Sai yanzu ka gane, jakin Barmu."

"Mi ya hana ka faɗi?"

"Kai ka taɓa jin Ba'adare ya ce ma ɗanshi kar ka tahi?"

Rana ta farko ke nan da na yi magana bai taka ta ba, kuma ban ji daɗin hakan ba ko kaɗan.

Bayan ya fita Auta ta zo ta durƙusa. Ta ji komai.

"Baba, ni karatu za ni, ba zama ba. In na gama zan komo."

"Shi ma damina biyu ya ce."

Ta sunkuyar da kai. Can ta ce, "In ka ce in zamna, zan zamna. Wallahi ba zan riƙe ka a rai ba."

Da gaske take, shi ne abin da ya fi ciwo. Ga abin da nake so an ajiye mini a gabana, kalma ɗaya ce tsakanina da shi. Na dubi fuskarta, na ga har ta fara shirya ta, ta daidaita ta yadda matan Adar ke yi in sun san zama ya kama su. Na san wannan fuska, na gan ta wurin uwata, na gan ta wurin innarta, a bakin ƙofar nan. Ban taɓa ganinta wurin Auta ba sai ranar.

Na ce, "Ke, tashi. Sharaɗi na yi gaban mutane, an cika. So kike ɗan Barmu shi samu abin faɗi a kaina har in mutu? Ki tahi. Allah shi yi miki albarka, shi tsare gabanki da bayanki."

Ta kife kai bisa gwiwata ta yi kuka. Ni ban yi ba, ina da gemu.

Mutane kan tambaye ni ko na tsani telen yanzu. Wallahi ban yanke hukunci ba. Wani lokaci in ce ita ta shigo gidana da sallama ta ɗauke mini ɗiya. Wani lokaci in tuna ita ta maido mini dariyar yarinyar lokacin da ni na kasa. Ranar da na fi jin haushi na rufe ta da zane, washegari na buɗe, don ta nan kaɗai nake ganin irin titin da Auta ke takawa.

Ana gobe tahiya na shiga kasuwa da kaina na haɗa mata guzuri irin wanda na sani: kilishi mai kyau, da cuku na Buzaye busasshe wanda ba ya lalacewa, na sa anka ɗaure cikin leda anka ƙulle da tsumma. Ta gani, ta buɗe baki kamar za ta yi magana, ta fasa, ta karɓa da hannu biyu.

Da safe ni da taubashina munka raka ta tashar kar, babbar motar fasinja mai zuwa Yamai, inda za ta hau jirgi. Anka ɗora balis ɗinta, akwatin kayanta ke nan. Har ta sa ƙafa a matakala, sai ta komo, ta fiddo ƙullin daga jakarta.

"Baba, ka yi haƙuri. Ba a shiga ƙasar da nama ko cuku. A filin jirgi za su karɓe su zubar. Na kasa faɗa maka jiya."

"Wace irin ƙasa ce ba a shiga da guzuri?"

"Haka dokarsu take. Gara kai ka ci da a zubar."

Ta sa mini shi a hannu, direba na ta hon. Ta shiga. Na ga hannunta a gilashi, kar ta juya ta hau kwalta.

Na yi rakiya a tashar nan fiye da yadda zan iya tunawa, ban taɓa ganin matafiyi ya tahi guzurinshi ya rage ba. Na tsaya da ƙullin a hannu, ban san inda ake kai irinshi ba. Gida dai na ji ba zan iya shiga da shi ba. Taubashina ya kama hannun rigata ya ja ni bisa wani benci, ya kwance tsumman, ya ɓallo cuku ya miƙo mini, ya ɓalli nashi. Ni da shi in an haɗa haƙoranmu ba su cika baki ɗaya ba. Munka sa a kunci muna tsotsa, masu kaya na ta wucewa gabanmu.

Can ya ce, "Da tauri."

Na ce, "Na mai nisan tahiya na saya."